Ɗarin Amurka da Kuɗin Ɗumama Ɗaki: Saƙo ga Iyaye da 'Yan'uwa a Zango

Duk gidan da ke da ɗa ko ƙane a Amurka ya san abin da za mu faɗa. Daga watan Disamba zuwa Maris, saƙon da aka saba samu kowane ƙarshen wata yakan ragu, wani lokaci ma ya tsaya cak. In aka buga waya aka tambaya, amsar ba ta wuce, "Mma, a ƙara haƙuri, watan nan abubuwa sun yi nauyi." Daga nan sai ƙananan maganganu su tashi a tsakar gida. Wata ta ce matarsa ce ta kanainaye shi, wani ya ce ai tun da ya zama boga ya manta da kokon da ya sha a Nima. Mun sha jin irin wannan a wuraren suna da biki, daga Aboabo har Sabon Zango, kuma ba mu wanke kanmu ba, mu ma mun taɓa sa baki a ciki.

Alhali kuwa sau da yawa laifin ɗari ne. A waɗannan watanni ne mutanenmu da ke can ke biyan wani kuɗi wanda mu ba mu san da shi ba, watau kuɗin ɗumama ɗaki. Akwai kuma tallafin da gwamnatin Amurka ta tanada tun 1981 domin masu ƙaramin ƙarfi su iya biyan wannan kuɗi, amma da yawa daga cikin namu ba sa nema. Saboda haka muka ga ya kamata a wannan wata mu yi bayaninsa dalla-dalla, domin in an buga waya mako mai zuwa mu san abin da za mu tambaya.

Ɗarin can ba irin namu ba ne

Mu abin da muka sani shi ne hunturu. Iska ta buso daga arewa, hazo ya rufe gari, leɓe ya tsage, a shafa man kaɗe, a sa rigar sanyi da asuba, kafin hantsi an tuɓe ta. Ko a Tamale da Bolga, inda ya fi tsanani, da wuya ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 15. A birnin Niyok kuwa, cikin Janairu, dare kan kai wajen digiri 3 ƙasa da sifiri, a Shikago ma ya fi haka. A tuna dai ruwa yana daskarewa ne a kan sifiri. Bututun ruwa kan fashe a cikin bango, tsoho ko jaririn da ya kwana a ɗakin da babu ɗumi kuwa yana iya rasa ransa kafin gari ya waye.

Don haka kowane gida yana da hanyar ɗumama shi. A manyan benaye akwai wata babbar tukunya a ƙarƙashin ƙasa, ana hura ta da gas ko da wani mai dangin dizal, ita ke tura ruwan zafi ko tururi ta cikin bututun ƙarfe zuwa kowane ɗaki. Wasu gidajen da lantarki ake ɗumama su. A ƙananan gidaje masu amfani da mai, tanka ce ke zuwa ta cika tanki, a biya kuɗi dunƙule. A wani wurin mai gida ne ke biya ya sa a cikin kuɗin haya, a wani wurin kuma ɗan haya ne takardar bil ke zo wa da sunansa. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce kason da gidan talaka ke kashewa daga abin da yake samu wajen wuta da gas ya kai kimanin ninki uku na kason da sauran gidaje ke kashewa.

To, a dubi irin ayyukan da yawancin mutanenmu ke yi a Bronx, da Kolombas ta Jihar Ohayo, da Newark: tuƙin tasi, jinyar tsofaffi a gidajensu, gadi, aikin sito, tsaron wurin ajiye motoci. Albashi ya shigo, haya ta ɗauki rabonta, abinci ya ɗauki nasa, ga takardar bil, ga kuma mu a gida muna jira. Haya ba ta raguwa. Saƙon gida kuwa mutum yana jin kunyar yanke shi. Abin da ya rage a hannunsa shi ne ɗumi, sai ya rage shi. Ya sayo 'yar hitar lantarki mai araha ya jona ta dare da rana, ko ya kunna tandar gashi ta murhun gas ya bar ƙofarta a buɗe. A nan ne haɗari ke shigowa.

Gobara biyu da ba a manta ba

A daren 7 ga Maris, 2007, gobara ta tashi a wani gida da ke unguwar Highbridge a Bronx. Mutum 10 suka rasu, 9 daga cikinsu yara ne, dukkansu daga iyalai 'yan asalin ƙasar Mali. Masu kashe gobara sun ce wayar hitar lantarki ce ta kama da wuta.

Bayan shekara 15 aka sake. Ranar Lahadi, 9 ga Janairu, 2022, da hantsi, wata hita da aka daɗe da kunnawa ta kama da wuta a hawa na uku na wani bene mai hawa 19 da ake kira Twin Parks, a nan Bronx ɗin. Ƙofofin da ya kamata su rufe da kansu ba su rufe ba, hayaƙi ya bi matattakala ya cika benen. Mutum 17 suka rasu, 8 yara ne, kuma hayaƙin ne ya kashe su. Yawancinsu 'yan asalin Gambiya ne. Mutanenmu na zango da ke can maƙwabtansu ne, masallaci ɗaya suke shiga, kasuwa ɗaya suke cefane. Allah Ya jiƙansu.

Ba mu ce tallafin kuɗi kaɗai zai hana irin wannan ba, domin a cikin maganar akwai ƙofa, akwai gyaran gida, akwai ingancin ita kanta hitar. Bayan gobarar ma hukumar birnin ta ƙara tsananta dokar ƙofofi, ta kuma hana sayar da hitar da ba ta kashe kanta in ta faɗi ko ta yi zafi da yawa. Amma tushen abin guda ne: ɗaki ya yi sanyi, mutum ya nemi dabara. Mu ma a nan mun san irin wannan dabara, ta shigar da kurfoti ɗaki a rufe ƙofa da taga. Gawayi da gas suna fitar da wata iskar guba marar launi marar wari, mutum ya yi barci da ita bai farka ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Asalin tallafin

A watan Oktoban 1973, lokacin yaƙin Larabawa da Isra'ila, ƙasashen Larabawa masu man fetur suka hana sayar wa Amurka mai. Gangar da ake saye wajen dala 3 ta kusa kai dala 12 cikin 'yan watanni. Tsofaffi da talakawan jihohin arewa masu sanyi suka kasa cika tankunansu. Gwamnati ta shiga ƙananan shirye-shiryen agajin gaggawa. Sa'an nan juyin juya halin Iran na 1979 ya sake ɗaga farashin. A 1981 Majalisar Dokokin Amurka ta haɗa waɗannan shirye-shirye ta mai da su doka guda, Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu. Sunan shirin a taƙaice LIHEAP, ma'anarsa shirin taimaka wa gidaje masu ƙaramin ƙarfi da kuɗin makamashi. Kada a ruɗe shi da namu LEAP na nan Gana, wanda aka fara a 2008. Sunan ne kawai ya yi kama.

Yadda yake aiki shi ne, Majalisa ke ware kuɗin kowace shekara, ma'aikatar lafiya da jin daɗin jama'a da ke Washintan ta raba wa jihohi, kowace jiha kuma ta tsara nata ƙa'idoji a cikin iyakar doka. Shi ya sa sunan ke bambanta, a Niyok da Ohayo HEAP suke ce masa. A shekarun 2024 da 2025 kuɗin ya kai wajen dala biliyan 4 a shekara, gidajen da ke amfana kuwa kimanin miliyan 6 ne. A 2021, saboda annobar korona, an ƙara dala biliyan 4 da rabi a kan kason da aka saba. Duk da haka, cikin gidaje biyar da suka cancanta, wanda ke samu bai cika ɗaya ba.

Taimakon iri-iri ne. Akwai na kowace shekara, wanda ake biya sau ɗaya a lokacin sanyi. Akwai na gaggawa, ga wanda aka aiko wa takardar za a yanke masa wuta ko gas, ko wanda man tankinsa ya kusa ƙarewa. A kan wannan doka ta ce a kawo ɗauki cikin awa 48 bayan an nema, in kuwa rai na cikin haɗari, cikin awa 18. Akwai na gyara ko canza na'urar ɗumama gida ga wanda gidan nasa ne. Akwai kuma na toshe kafofin da sanyi ke shiga, a taga da ƙofa da rufi. Wasu jihohin har da taimakon sanyaya ɗaki a lokacin zafi. Galibi ba a ba mutum kuɗin a hannu, kamfanin wuta ko na mai ake biya kai tsaye, a cire daga bil ɗinsa. Kuma ba bashi ba ne, ba a biya daga baya.

Wa ya cancanta?

Abin da ake dubawa shi ne yawan mutanen gida da jimlar abin da suke samu. Dokar tarayya ta ce jiha na iya karɓar gidan da samunsa bai wuce ninki ɗaya da rabi na ma'aunin talauci ba, ko kuma kashi 60 cikin 100 na matsakaicin samu a jihar, duk wanda ya fi yawa. A 2025 ma'aunin talauci na gida mai mutum huɗu dala 32,150 ne a shekara, ninki ɗaya da rabinsa ya kama dala 48,225 ke nan. A jihohi masu tsadar rayuwa iyakar ta fi haka nesa. A Jihar Niyok, a lokacin sanyin 2024 zuwa 2025, gida mai mutum huɗu da ke samun har dala 6,390 a wata ya cancanta, kuma mafi yawan abin da aka ba gida guda a tallafin shekara dala 996 ne, ga masu amfani da mai. Masu gas da lantarki sun samu ƙasa da haka. Wanda kuɗin ɗuminsa ke cikin haya kuwa ɗan abin da aka ba shi kaɗan ne.

A lura da wannan adadi da kyau. Da yawa daga cikin 'ya'yanmu suna zaton sai wanda ba ya aiki ake taimaka wa. Direban tasi mai mata da 'ya'ya biyu, ko mai jinyar tsofaffi da ke riƙe da gida ita kaɗai, suna iya shiga ciki sarai. Ana kuma fifita gidan da ke da tsoho, ko naƙasasshe, ko ƙaramin yaro. Wanda ya ɗauko mahaifiyarsa daga Kumasi don ta riƙe masa jikoki ya tuna da wannan.

Takardun da aka saba nema ba su da yawa: shaidar kowane mutumin gida, shaidar wurin zama kamar takardar haya, takardun albashi na kwanan nan, da bil na ƙarshe. Ana cika fom a ofishin jin daɗin jama'a na gunduma, ko a ƙungiyoyin unguwa da aka ɗora wa aikin, ko ta intanet. Babban abu shi ne lokaci. Yawancin jihohi suna buɗewa ne tsakanin Oktoba da Disamba, kuma in kuɗi ya ƙare an rufe ke nan. A watan Janairun 2025 kason Jihar Niyok ya ƙare tun sanyi na tsakiyarsa, aka rufe karɓar fom na 'yan kwanaki, sai da gwamnar jihar ta ƙaro kuɗi aka sake buɗewa. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Haƙƙin ɗan haya

Ga waɗanda ke zaune a manyan benaye, inda mai gida ke da alhakin hura tukunya, maganar ta doka ce. A birnin Niyok, daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, in sanyin waje ya sauka ƙasa da wajen digiri 13 da rana, dole cikin ɗaki ya kai digiri 20. Da dare kuwa, daga ƙarfe 10 zuwa 6 na safe, dole ya kai wajen digiri 17 ko yaya waje yake. Watau ɗumin da doka ta tilasta a can shi ne sanyin da ke sa mu jan bargo a nan. In mai gida bai ba da wannan ɗumi ba, ɗan haya ya fara sanar da shi, in bai gyara ba ya kira lambar ƙorafi ta hukumar birnin, 311, a turo mai duba gida. Hitar kananzir haramun ce a gidajen birnin. Ta lantarki kuma a jona ta a bango kai tsaye, a nisanta ta da labule da katifa, a kashe ta kafin a kwanta.

Me ke hana namu nema?

Na farko kunya. Mun tashi a kan cewa namiji ba ya miƙa hannu, balle wanda duk zango ya san yana Amurka. Yana tsoron wani ɗan gari ya gan shi a layin ofishin taimako, kafin ya isa gida labari ya iso Akra. Amsarmu ita ce, wannan kuɗi daga haraji ya fito, kuma shi ma ana yankar harajin a jikin albashinsa. Bature ɗan ƙasa da ya cancanta yana cika fom ɗinsa ba tare da jin komai ba. Wanda ya zuba adashi ba ya jin kunyar kwasa ran da layi ya zo kansa.

Na biyu tsoron takardu, kuma wannan tsoro yana da dalili. Tallafin na 'yan ƙasa ne da baƙin da doka ta amince da su, kamar masu girin kad da waɗanda aka ba mafaka. Gidan da wasu ke da takardu wasu ba su da su, misali yaran da aka haifa a can, jihohi da yawa kan duba shi bisa waɗanda suka cancanta a ciki. Wasu kuma suna fargabar kada karɓar taimako ya ɓata masu neman girin kad. Ƙa'idar da gwamnati ta fitar a 2022 ba ta lissafa tallafin makamashi cikin abubuwan da ke ɓata wa mutum ba, amma irin waɗannan ƙa'idoji suna sauyawa daga gwamnati zuwa gwamnati. Duk wanda maganar takardunsa ba ta kammala ba ya tambayi lauyan shige da fice ko ƙungiyar ba da shawarar shari'a kyauta kafin ya cika fom. Kada ya dogara da hirar wurin aski. Matambayi ba ya ɓata.

Na uku rashin sani da rashin lokaci. Mutumin da ke aikin awa 12 ba ya buɗe kowace wasiƙar da aka jefa masa a akwati. A nan ne muke ganin ƙungiyoyin 'yan zango da ke can suna da aiki. Yadda suke haɗa kuɗin jana'iza da na aiko da gawa gida, haka ya kamata su ware rana guda a watan Oktoba, yara masu ilmi su zauna da kwamfuta su cika wa iyayensu da maƙwabta fom.

Tallafin ma yana neman tallafi

Kada mu ba masu karatu zaton cewa abin ya kafu har abada. A wa'adinsa na farko, Shugaba Donald Trump ya sha kawo shawarar soke shirin a kasafin kuɗi, Majalisa ta ƙi, domin 'yan jam'iyyun biyu duk suna da talakawa masu jin sanyi a mazaɓunsu. A watan Afrilun 2025 aka sallami dukan ma'aikatan ofishin da ke kula da shirin a Washintan, aka kuma sake kawo shawarar soke shi. Sa'an nan rufewar ayyukan gwamnati ta kwana 43, daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamban 2025, ta sa kuɗin bai isa jihohi ba sai ƙarshen Nuwamba, jihohi da dama suka jinkirta buɗewa ga sanyi ya riga ya shigo. Waɗanda suka zama 'yan ƙasa cikin 'ya'yanmu suna da ƙuri'a, ya kamata su san matsayin wakilansu a kan wannan.

Ba Amurka kaɗai ke da irin wannan tsari ba. A Ingila tun 2011 akwai rangwamen da ake yi wa masu ƙaramin ƙarfi a bil ɗin lantarki lokacin sanyi, Faransa kuma tun 2018 take aika wa irinsu cekin makamashi. Wanda ɗansa ke waɗannan ƙasashe shi ma ya ce masa ya bincika.

Namu aikin a gida

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ɗan da ke ƙasar waje ba ya son iyayensa su san ɗakinsa na yoyo. Mu ne za mu sauƙaƙa masa. Buƙatar da za ta iya jira, kamar fentin gida, ko ankon biki, ko sabuwar waya, a bar ta sai bayan Maris. In an kira, kafin a shiga lissafin abin da ake so, a tambaya, "Ɗakinku da ɗumi? Yara fa, da me suke kwana? Ka cika fom ɗin taimakon kuɗin wuta na bana?" In uwa ce ta faɗa da bakinta, kunyar ta kau, domin wadda yake ɓoye wa ita ce ta ba shi izini.

Wanda ya gama karanta wannan shafi ya ɗauki hotonsa ya aika wa nasa da ke can tun kafin Oktoba. Allah Ya tsare mana su, Ya raba su da sharrin wuta da na ɗari, amin.